Ɗari da Talatin da Uku na Mene Ne?

Akwai wata Juma'a da har gobe ba ta bar raina ba. Tunda ku sababbin ofishin nan kun dame ni da tambayar me ya sa nake yawo da shuɗin kebul a jakata kamar laya, to ku gyara zama ku ji.

Lokacin ina shekara ta huɗu a wannan ofis namu na ginin Tianxiu a Guangzhou, matsayina mai duba kaya. Ga wanda bai san aikin ba, in ɗan kasuwa ya sayi kaya mu ne za mu bi shi masana'anta, mu duba ko abin da aka nuna masa shi aka ɗaure masa, mu kai sito, mu tsaya a loda kwantena. Sama da ni akwai manaja, sama da manaja akwai Alhaji mai ofis. Amma ina da wani matsayin da ba a rubuta a ko'ina ba. Saboda na taɓa yin diflomar kwamfuta a Kano, wadda in faɗa muku gaskiya rabinta koyon buga takarda ce, duk abin da ke da maɓalli a ofis ni ake kira. Firinta ta ƙi, Habibu. Wayar Alhaji ta cika, Habibu. Har aka liƙa mini suna Injiniya, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba, don yana mini daɗi.

A farkon watan shida, lokacin da zafin Guangzhou ke sa riga ta manne wa mutum a baya, wani baƙo ya sauka a hannunmu. Sunansa Malam Nasiru, tela ne daga Kano, mai shagon aikin wuya da ma'aikata goma sha huɗu. Mutum ne da ya haura hamsin, marar yawan magana, tef ɗin awo ba ya rabuwa da aljihunsa. Ya zo sayen injinan surfani huɗu daga wata masana'anta da ke can bayan gari, wadda za ta rufe.

Masana'antar nan ba baƙuwa ba ce a gidansu. Yayansa, marigayi Malam Sabo, ya yi shekaru yana zuwa yana zama a cikinta wata biyu wata uku. Shi yake zana wuyan kaftani da na babbar riga a takarda, su kuma su ɗauki hoton zanen su sa a kwamfuta, daga nan su mayar da shi fayil ɗin da injin zai karanta ya ɗinka. Takardun kansu danshin garin nan ya cinye su, sun yi fumfuna an zubar tun tuni. Saboda haka duk abin da Malam Sabo ya zana a rayuwarsa ya rage ne a wuri ɗaya tak, cikin rumbun wata tsohuwar kwamfuta da ke ofishin masana'antar, abin nan da muke ce wa had-disk.

Mai masana'antar mace ce, Madam Lin, muna ce mata Lawban, wato shugaba. Malam Nasiru ya nemi ta sayar masa da kwamfutar gaba ɗaya, ta ce meiyo, babu wannan magana. A cikinta akwai zanen wasu kwastomomin, kuma ta yi musu alkawarin ranar rufewa za a ciro rumbun a huda shi a gaban wakilinsu. Abin da ta yarda shi ne mu zo mu kwafi foldar Malam Sabo kaɗai, a gabanta, kowace rana muka ga dama daga Litinin zuwa Juma'a. Juma'a ƙarfe shida na yamma mai ginin zai yanke wuta, wakili ya zo da injin huda, shi ke nan.

Ranar Litinin Alhaji ya kira ni ofishinsa, Malam Nasiru na zaune. Ya ce, "Injiniya, aikin nan zai ci awa nawa? Ka san muna da lodin kwantena biyu a makon nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in yi lissafi."

Lawban ta riga ta turo mini hoton takardar da ta zo da kwamfutar tun tana sabuwa. Rubutun duk na Sinanci ne, sai lambobi huɗu da idona ya gane: 133, 100, 52X, da 12. Kowace da wasu 'yan haruffa a gefenta waɗanda ban tsaya kansu ba. Na sa wayata ta fassara mini layin farko, ta ce gudun rumbu ne. Lawban kuma ta gaya mini foldar giga ashirin ce. To giga kun san shi, shi kuke saya na data, kuma giga ɗaya mega dubu ne. Na ɗauki mega dubu ashirin na raba da ɗari da talatin da uku, ya ba ni sakan ɗari da hamsin. Na ɗaga kai ina jin kaina, na ce, "Minti uku ne, Alhaji. Mu ce goma saboda tsautsayi."

Malam Nasiru ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya duba. Ya ce, "Ɗana, wannan ɗari da talatin da ukun, na mene ne?"

Na ce, "Gudu ne, Malam."

Ya ce, "Na ji gudu ne. Amma ni ko shadda zan saya a kasuwar Canaan aka ce mini ɗari, sai na tambaya yadi ne ko mita. Su huɗun nan duk awo ɗaya ne?"

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Malam, kwamfuta ba shadda ba ce, ka bar mana wannan." Alhaji ma ya yi dariya ya ce a bar wa Injiniya aikinsa. Malam Nasiru ya miƙo mini wayata. A nan aka yanke cewa tunda aikin minti goma ne, mu gama lodi tukuna, mu je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Mun isa ƙarfe uku da minti goma. An kwashe injina, fili fetal, sai zare a ƙasa da kwalaye. A wani ɗan ɗaki Lawban ta nuna mana kwamfutar, fara ce da ta koma kalar madarar shayi, tana ƙugi. Na ciro sabon filas ɗina na soka, na ja foldar na sake, na naɗe hannu. Har na ce wa Malam Nasiru kada ya zauna, yanzu za mu juya.

Akwatin nan mai nuna saura ya fito. Da farko ya ce minti biyar, na ce to ka gani. Kafin in rufe baki ya koma minti arba'in. Sai ya ce awa tara. Sai ya dawo awa biyar ya tsaya a nan yana kallona.

Na ce wa Malam, "Haka suke yi, yanzu zai daidaita." Ya ce to. Ya jawo kwali ya zauna.

Minti ashirin suka wuce, koren layin bai yi tsawon farcena ba. Na sake buɗe hoton takardar, wannan karon na sa waya ta fassara sauran layukan. Ashe sha biyun nan ita ce gudun kafar da na soka filas. Na ji wani iri, amma na sake lissafi da sauri: dubu ashirin raba sha biyu, wajen minti ashirin da takwas. Na ce, "Malam, an sami ɗan canji. Rabin awa ne, ba minti goma ba." Ya ce, "Allah ya kai mu."

Rabin awar ta cika ta wuce, abin da ya shiga filas bai fi giga biyu da ɗan kai ba. Nan kaina ya fara ɗaurewa. Lissafina na farko ya ce minti uku, na biyu ya ce rabin awa, kwamfuta ta ce awa biyar, kuma lissafin nawa duka biyun daga takarda ɗaya suka fito. Wa ke ƙarya? Takardar ce, ko kwamfutar, ko wayata? Ban kawo kaina a lissafin ba ko kaɗan. Sai wani tunani ya zo mini, irin wanda duk ɗan kasuwar garin nan zai fara yi: an sayar mini da jabun filas. Na ce lalle shi ne. Na tsayar da kwafin, na goge filas ɗin tas wai don ya saki jiki, na sake farawa daga farko.

Ku dai ku yi dariya. Minti arba'in na aiki na share da yatsana ɗaya, ba wanda ya sa ni.

Akwatin ya sake cewa awa biyar. Zufa ta fara bin bayana. Na koma takarda, idona ya faɗa kan 52X, wato na'urar faifan sidi. Na ce kai, ai hamsin da biyu ta ninka sha biyu sau huɗu, me nake yi da filas? Na yi wa Lawban kwatancen faifai da hannu. Ta buɗe durowa ta ciro daurin faifai sababbi, na ce shiye-shiye, wato na gode, na sake tsayar da kwafin. Na sa faifai, na tura, kwamfuta ta fito da wani rubutu. Na sake turawa, ta sake fitowa da shi. Na haska waya a kai, ta ce wannan na'ura karatu kawai take yi, ba ta rubutu. Lawban ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Meiyo, meiyo," tana girgiza kai, ta nuna mini agogon hannunta. Ƙarfe huɗu da kwata.

Malam Nasiru ya tashi daga kan kwalin. Ya ce, "Habibu." Tun da muka haɗu bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. "Ka san abin da kake yi, ko ba ka sani ba? In ba ka sani ba ka faɗa, mu nemi wanda ya sani. Ba abin kunya ba ne."

Na ce, "Malam, ban sani ba." Maganar ta yi mini nauyi a baki ƙwarai.

Akwai wani abokina Isufu, mutumin Maraɗi, mai sayen tsofaffin kayan kwamfuta a unguwar Liwan yana turawa gida. Kullum muna tsokanar juna, ni in ce masa Faransa ta ɓata masa harshe, shi ya ce Kanawa sai cika baki. Na kira shi na sa a sifika.

Ya ce, "Bakano, mi ya hwaru? Muryarka kamar an kama ka ba biza."

Na ce, "Bar wasa, Isufu." Na karanto masa lambobin huɗu, na gaya masa lissafina.

Ya ce, "Wa ya ce maka wanga sha biyu oktet ce?"

Na ce, "Mene ne kuma oktet?"

"Abin da ku 'yan Ingilishi ke ce ma bayit."

"To ai mega ce."

"Mega ta mi? Akwai mega ta bit, akwai mega ta oktet."

Na ce, "Isufu, don girman Allah, kaina zai fashe. Bit, bayit, oktet, guda nawa ne abubuwan nan?"

Ya ce biyu ne, in nemo biro. Na yago gefen kwali, Malam Nasiru ya ciro allin ɗinki daga aljihu ya ba ni. Isufu ya bi da ni a hankali kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Girman fayil da bayit ake auna shi, giga ashirin ɗin nan ta bayit ce. Bit kuwa ƙarami ne, sai an tara takwas ake samun bayit ɗaya. Ya ce kafin in kwatanta lambobin nan sai na mayar da su duka awo ɗaya, wato megabayit nawa ke wucewa a sakan guda.

Muka fara da sha biyu. Ya ce megabit ce, in raba da takwas. Ta ba ni ɗaya da rabi. Ya ce wannan ma a takarda ne, a aikace in rubuta ɗaya. Na ce, "Ɗaya? Mega ɗaya tak?" Ya ce ƙwarai, tsohuwar kafa ce ta zamanin da. Dubu ashirin raba ɗaya, sakan dubu ashirin, awa biyar da rabi. Ashe duk cikinmu kwamfutar ce kaɗai ke faɗin gaskiya tun ɗazu, ni kuma ina ta zaginta a zuci.

Na ce to hamsin da biyun fa? Ya ce wannan ba mega ba ce sam, ninki ne. Na'urar faifai ta farko da aka yi tana jan kilobayit ɗari da hamsin a sakan, wannan ta ninka ta sau hamsin da biyu, wato kusan mega takwas, kuma tunda ba ta rubutu in manta da ita. Na ce ɗari da talatin da uku kuwa? Ya ce ita kam megabayit ce ta gaske, amma gudun hanyar cikin kwamfutar ce, tsakanin rumbu da uwar allo. "Sitonka na da fili a ciki, amma kai ta ƙohwa za ka hidda kaya, kuma ƙohwar kwali ɗaya take ɗauka."

Na rubuta, na kalli abin da na rubuta, har yanzu kaina na juyawa. Lamba huɗu, awo uku. Malam Nasiru yana tsaye a kaina yana kallon allinsa a kan kwali. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Isufu ya ce saura ɗari. Ita ce kafar kebul da ke bayan kwamfutar, megabit ɗari, a raba takwas sha biyu da rabi, a aikace mu ce goma. Ya ce da na haɗa ta da laftof ɗina da kebul, minti talatin da 'yan kai an gama komai. "Kana da kebul?"

Ba ni da shi. Laftof ɗina ma irin siririn nan ne, ba shi da kafar, sai da mahaɗi. Na tambayi Lawban, ta nuna mini bango inda aka tuttuge wayoyi tun jiya, mai gwangwan ya kwashe. Isufu ya ce yana da duka biyun a shago, ga shi nan tahe, amma kada in dogara da shi, yammacin Juma'a ce kuma hadari ya haɗu. Ya ce in mayar da filas yanzu-yanzu, kowane sakan mega ɗaya ne.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar. Saura minti casa'in da biyar, wato giga biyar da rabi in Allah ya taimaka, cikin ashirin. Wannan shi ne lissafin gaskiya na farko da na yi a makon, kuma ni ne zan gaya wa mutumin nan.

Muka buɗe foldar muka duba abin da ke ciki. Fayilolin da injin ke karantawa ƙanana ne, dukkansu giga biyu. Sauran sha takwas hotunan zanen hannu ne, an jera su shekara-shekara. Tsofaffin an riga an mayar da su fayil ɗin inji, to ko sun tafi akwai ɗinkinsu. Amma folda ta ƙarshe daban take. Zane tamanin ne da Malam Sabo ya yi a zuwansa na ƙarshe, yana fama da ciwo, ba a kai ga mayar da ko ɗaya fayil ba, ba a taɓa ɗinka su ba, Malam Nasiru ma bai taɓa ganinsu ba. Kowane hoto mega hamsin, jimla giga huɗu.

Na ce, "Malam, biyu da huɗu shida ne, mu kuma biyar da rabi gare mu. Duk wanda aka fara da shi zai fita duka. Na biyun ba zai ƙare ba. Ka zaɓa."

Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar. Injinansa huɗu suna cikin kwantena a kan hanyar tashar jirgi, kuma ba tare da fayilolin nan ba ƙarfe kawai ya saya, mutum goma sha huɗu na jira a Kano. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu ya ce, "Fara da na masu rai."

Na tura. Muka yi la'asar ɗaya bayan ɗaya a kan kwali, ɗaya na salla ɗaya na gadin koren layi. Ruwa ya kece a waje. Ƙarfe biyar da minti biyar fayilolin inji suka gama, na tura folda ta ƙarshe.

Malam Nasiru ya ce ko zai riƙa buɗe na ƙarshen yana ɗauka da wayarsa. Shawara ce mai kyau, muka gwada. Hoto ɗaya ya fi minti biyu bai gama buɗewa ba, kwamfutar ta riƙa nishi, kwafin ya kusa tsayawa cak. Na ce, "Malam, muna rasa uku don mu sami ɗaya." Ya rufe ya mayar da wayar aljihu. Daga nan ba abin da muka yi sai ƙirga. Duk sakan hamsin hoto ɗaya ya wuce, shi ya faɗi lambar a hankali. Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu.

Na roƙi Lawban ta nema mana ko minti goma sha biyar. Baiwar Allah ta gwada, na ga ta kira mai ginin tana ɗaga murya, ta kashe waya ta buɗe hannuwa. Wakilin kwastomomin ya iso shida saura kwata da 'yar jakar injin huda, ya jingina lemarsa a bakin ƙofa, ya tsaya yana danna waya. Na kira Isufu, ya ce mota ba ta motsi, gada ta cushe.

Malam Nasiru ya ce sittin da uku. Yana jiran ya ce sittin da huɗu fitila ta ɗauke, ƙugin kwamfutar ya mutu.

Ba mu tsaya kallon hudar ba, amma mun ji ƙararta muna saukowa daga bene. Isufu ya iso shida da minti ashirin, sharkaf da ruwa, da shuɗin kebul a hannu. Ya dube mu bai yi tsokana ko ɗaya ba. Kebul ɗin da kuke gani a jakata shi ne, ya ce in riƙe.

A mota na buɗe laftof na soka filas. Fayilolin inji duk sun fita lafiya. Zane sittin da uku sun buɗe. Na sittin da huɗu ma ya buɗe, amma rabi. Saman wuyan riga ne, layuka sun taso daga kafaɗa sun lanƙwaso za su haɗu a ƙirji, daga nan zuwa ƙasa toka-toka, babu komai. Malam Nasiru ya karɓi laftof ɗin ya ɗora a cinya, yana bin zanen ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na ga hawaye na bin gemunsa. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Da mun zo Litinin, ko da na zo da kebul, ko da ban goge na farko ba..." Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Bari in ga hannun Yaya." Har muka iso unguwarmu ta Xiaobei idonsa na kan zanen.

Washegari na shiga wurin Alhaji na gaya masa komai da bakina, har da dariyar da na yi ranar Litinin. Ya ce, "Ai tare muka yi dariyar." Bai rage mini matsayi ba, amma daga ranar na ce a daina kirana Injiniya, kuma aka daina.

Bayan wata biyar wani ɗan kasuwa ya zo daga Kano da ƙunshi, an rubuta sunana a kai. Kaftani ne na farar shadda, daidai jikina, don mutumin nan da ido yake awo. Da na ga wuyan sai da na zauna. Zane na sittin da huɗu ne. Na kira shi in yi godiya, ya ce, "Daga kafaɗa zuwa ƙirji na Yaya ne. Daga nan zuwa ƙasa ni na ƙarasa, iya abin da na iya. Duk mai ido zai ga inda hannu ya canja." Na duba, kuma ana gani.

Ga abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku riƙa raka mutane masana'anta. Mu 'yan wannan sana'a ba a yi mana wayo a kan yadi da mita, ko dozin da guda, ko kilo da katan. Amma da an rubuto lamba a jikin na'ura da haruffan boko, sai mu zaɓi babbar mu yi shiru, don kada a ce ba mu waye ba. Mutanen da muke rakawa kuwa sun taso daga nesa, ba su jin yaren garin, duk abin da muka ce a kansa za su tsara ranakunsu. Ni na ce minti goma, aka ba ni mako guda na mayar da shi awa uku. Yanzu ko wace lamba aka kawo mini, ta inji ce, ta batir ce, ta janareta ce, sai na yi tambayar da tela ya yi mini na yi masa dariya, kuma ba na tashi sai an mayar mini da komai awo ɗaya a takarda. In ban gane ba in ce ban gane ba tun ranar Litinin.

Kaftanin yana nan, ina sa shi ranar Juma'a. Mutane kan tare ni a bakin masallaci su tambayi wanda ya yi aikin wuyan, in ce wa da ƙani ne. Ba na gaya musu cewa akwai wasu goma sha shida bayansa da ba wanda zai ƙara gani.